Yadda Mai Zanen Fasta a Kano Zai Ci Gadon Magabatan Sana'arsa

Duk wanda ya bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa a kakar zaɓe, ko ya ratsa hanyar Kantin Kwari gab da salla, zai ga fastoci manne a kan fastoci: na 'yan siyasa, na walimar saukar karatu, na masu maganin gargajiya, na sababbin fina-finai. Mafi yawansu an haɗa su ne a ƙananan shaguna da CorelDRAW ko Photoshop, kuma ciwonsu iri ɗaya ne, wato launi bakwai, samfurin haruffa biyar, hotunan mutane shida, kowane abu yana ɗaga murya a lokaci guda, har mai wucewa a adaidaita sahu ya wuce bai riƙe ko suna ɗaya ba. Wannan ba rashin basira ba ne, domin samarin da ke waɗannan shaguna sun iya na'urar fiye da waɗanda suka koya musu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin cewa tambayar da suke fama da ita, ta yadda za a sa takarda ta tsayar da mai tafiya, an shafe kusan shekara ɗari biyu ana amsa ta a Japan da Faransa da Jamus da Rasha da Suwizalan, kuma amsoshin suna nan a intanet ga duk mai son dubawa.

Hanyar karanta wannan tarihi ba haddar sunaye ba ce. Ka zaɓi aiki guda ɗaya na gaske, misali tallan shagon shadda da atamfa a Kwari, mai ɗauke da sunan shago da lambar waya da lambar layi, sannan ka riƙa sake yin sa da idon kowane zamani da za mu bi. A kowane zango ka tambayi kanka wane kayan aiki mutanen wannan zamani suke da shi, wace matsala ce ta dame su, kuma me suka yarda suka cire daga kan takarda. Tambaya ta ukun ita ce mafi nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa.

Ka fara da Japan. A zamanin da ake kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, an samu wata sana'a ta ɗab'in katako da ake kira ukiyo-e, wadda ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Mai bugawa ne ke sa jari, mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a kan katako, sannan mai ɗab'i ya shafa tawada ya ɗora takarda ya murza da hannu. Kowane launi yana da katakonsa, saboda haka ƙarin launi ɗaya yana nufin ƙarin sassaƙa da ƙarin kuɗi da ƙarin haɗarin kuskure. Domin kada launuka su goce daga mazauninsu, sai su sassaƙa wata 'yar alama a gefen kowane katako inda kusurwar takarda za ta zauna, wadda aikinta ɗaya ne da na alamomin da ma'aikatan maɗaba'a suke saita farantan bugu da su a yau. Tun daga 1765 ake buga irin waɗannan hotuna da launuka masu yawa, kuma ba na sarakuna ba ne, kaya ne na kasuwa da talaka ke iya saya.

Nemi hoton igiyar ruwa na mai zanen Japan Hokusai, wanda aka buga wajen 1831 a cikin jerin hotunansa na dutsen Fuji, ka zauna da shi minti goma ba tare da ka taɓa kwamfuta ba. Takardar ba ta kai girman A3 ba. Dutsen da aka yi jerin dominsa ƙarami ne can baya, igiyar ruwa kuma ta tattaru a ɓangaren hagu ta bar sararin sama fayau a dama, kuma launin kusan duka shuɗi ne da fari da ɗan ruwan ƙasa. Shuɗin nan ma labari ne: sabuwar tawada ce da aka fara haɗawa a Berlin, ta shigo Japan ta hannun fatake, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da baba irin wanda marina ke amfani da shi a karofin Ƙofar Mata. Daga nan ka duba Hiroshige da jerin zangunan hanyar Tokaido guda 53 da ya yi a farkon shekarun 1830, da ayyukansa na ƙarshen rayuwa, ka lura da yadda yake yanke abu a bakin takarda, ya nuna rabin bishiya ko ƙafar doki kawai, ya bar idon mai kallo ya ƙarasa sauran.

Darussa uku ke nan, kuma ga yadda za ka aikata su a tallan shagon shaddarka. Ka taƙaita kanka ga launi uku kamar kai ne za ka biya masassaƙi. Ka daina sa inuwa da ƙyalli da dusashewar launi a bayan kowane harafi, ka zuba launi shimfiɗe da layi mai kaifi. Sannan ka ɗauki turmin shadda guda ɗaya, ka girmama shi har ya fita daga gefen takarda, ka tura shi ɓangare ɗaya, ka bar ɗaya ɓangaren babu komai sai suna. Da farko zuciyarka za ta ce fili ya yi yawa, kuma lallai mai shagon zai faɗi haka. Ka daure tukuna, za mu dawo kan maganarsa.

Bayan jiragen ruwan Amurka sun tilasta wa Japan buɗe tashoshinta a 1853 da 1854, waɗannan hotuna suka kwararo Turai, musamman bayan bajekolin duniya da aka yi a Paris a 1867. Masu zanen Faransa suka ruɗe da su, har Van Gogh, mai zane ɗan Holan da ke Paris a lokacin, ya zauna ya kwafi hotunan Hiroshige da fenti a 1887. Sai aka yi dace da kayan aiki: ɗab'in dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1790, ya kai matsayin da za a iya buga manyan takardu masu launi da yawa cikin araha. Jules Chéret ya cika bangon Paris da fastoci, amma wanda ya fi shan ruwan Japan shi ne Toulouse-Lautrec. A fastarsa ta 1891 ta wani gidan rawa, 'yan kallo duka baƙar inuwa ce shimfiɗe a baya, mutumin da ke gaba an yanke shi a bakin takarda, ido kuma ba shi da zaɓi sai ya sauka a tsakiya. Abin koyo a nan shi ne inuwar abu. Idan ka mayar da hotonka baƙi ƙirin kuma har yanzu ana gane cewa turmin shadda ne ko keken ɗinki ne, to zai karantu daga tsallaken titi. Idan ya zama dunƙule marar siffa, babu launin da zai cece shi.

Salon Art Nouveau mai furanni da lanƙwasassun layuka, wanda ya yi tashe daga wajen 1890 zuwa 1910, ina ba da shawarar ka kusance shi da taka-tsantsan. Alphonse Mucha, wanda fastarsa ta 'yar wasa Sarah Bernhardt ta fito a farkon 1895 ta ɗaukaka sunansa dare ɗaya, gwani ne wajen sa rubutu da hoto da ado su zama jiki ɗaya, furanni da gashi da haruffa duk suna lanƙwasa da murya ɗaya. Amma masu yin katin biki a garin nan sun riga sun kamu da son furanni da zinare, kuma wanda ya kalli Mucha sama-sama zai ɗauka an ba shi lasisin ƙara wasu. Abin da ya kamata ka ɗauka shi ne ƙa'idar cewa ado ya fito daga jikin abin da ake tallatawa. Idan shadda ce, to zanen da ke jikin shaddar shi ne adon gefen fasta, ba furen da ka sauko da shi daga intanet ba. A Ingila kuwa, William Morris ya kafa maɗaba'ar Kelmscott a 1891 don nuna ƙyamarsa ga ƙazamin bugun masana'antu, kuma ya nace cewa shafi biyu na buɗaɗɗen littafi abu ɗaya ne da dole a auna gefunansu tare. Wanda ke tsara littattafan hikaya ko na addini da ake sayarwa a Kurmi da Sabon Gari zai amfana da wannan fiye da mai fasta.

Yanzu ga zangon da nake ganin ya fi kowanne dacewa da titunan Kano. Wajen 1905 wani matashi a Berlin mai suna Lucian Bernhard ya shiga gasar tallan ashana ta kamfanin Priester. Ana ba da labarin cewa zanensa na farko yana da tebur da mayafinsa da kwanon toka da sigari da 'yan rawa a cikin hayaƙi, sai ya riƙa shafe su ɗaya bayan ɗaya har ya rage tsinken ashana biyu ja masu kan rawaya a kan duhu, da sunan kamfanin a sama. Shi ke nan. Wannan fasta ta haifi salon da Jamusawa suka kira fastar abu, wato kaya da suna kawai. Ka yi wa tallanka irin wannan aski: ka buɗe fayil ɗin, ka riƙa kashe abu ɗaya-ɗaya, bayan kowane kashewa ka tambayi wani da bai san aikin ba ko har yanzu ya gane abin da ake sayarwa da inda za a same shi. Ranar da ya ce bai gane ba, sai ka dawo da abin da ka cire na ƙarshe, ka tsaya nan. Yawanci za ka tarar kashi biyu cikin uku na abin da ke kan takardar ba ya aikin komai, ciki har da jerin kayayyaki goma sha biyu da kalmar "da sauransu" a ƙarshe.

Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, wasu masu zane da suka ɗauki kansu magina ba masu ado ba suka fuskanci matsalar da mu ma muka sani: yaya za a isar da saƙo ga jama'ar da da yawansu ba sa karatu? El Lissitzky, a lokacin yaƙin basasarsu, ya zana jan tsini mai kusurwa uku yana huda farin da'ira, kuma ko wanda bai iya karanta ko harafi ba ya san wane ne ke cin wane. Alexander Rodchenko a tsakiyar shekarun 1920 ya yanko hoton wata mace ta sa hannu a baki tana kira, kalmar "littattafai" tana fitowa daga bakinta tana ƙara faɗi kamar ƙarar lasifika. Ja, baƙi, fari, da layi a karkace, su ne babban jarinsu. Wannan haɗin hoton kyamara da siffofi shi ne asalin abin da kowane mai fastar siyasa ke yi a yau ba tare da ya sani ba, sai dai su hoto ɗaya suke sa wa aiki, mu kuma mukan jera ɗan takara da ubangidansa da ubangidan ubangidansa. Gwada karkata sunan shagon ya bi miƙewar ƙyallen da aka warware, ka ga yadda takardar za ta motsa. Amma karkata ɗaya ta isa. Biyu rigima ce.

A daidai wannan lokaci a Holan, masu zane 'yan ƙungiyar De Stijl da suka fara mujallarsu a 1917 sun taƙaita kansu ga layin tsaye da na kwance da ja da rawaya da shuɗi. A Jamus kuma Walter Gropius ya buɗe makarantar zane ta Bauhaus a Weimar a 1919, ta koma Dessau a 1925, aka rufe ta a Berlin a 1933 saboda matsin 'yan Nazi. Shekara goma sha huɗu kacal ta yi, amma tsarin koyar da zane a jami'o'in duniya har yau yana bin sawunta. Herbert Bayer ya tsara haruffa marasa ƙafa, wato marasa 'yan ƙawa a ƙarshen layukansu, daga da'ira da miƙaƙƙen layi, har ya kai ga cewa babu buƙatar manyan baƙaƙe tunda baki ba ya furta su, hujjar da ba za ta ba almajiri mamaki ba, domin rubutun ajami bai taɓa sanin babban baƙi da ƙarami ba. Jan Tschichold, wanda ba malamin makarantar ba ne amma ya sha daga rijiyarta, ya tattara ƙa'idojin sabon tsarin rubutu a littafinsa na 1928, kuma jigonsu shi ne a jera bayani bisa muhimmancinsa. Aikinka a nan mai sauƙi ne a faɗa: ka rubuta duk bayanan tallan a takarda, ka sa musu lamba ɗaya, biyu, uku, sannan ka tabbata na ɗaya ya ninka na biyu girma a fili, ba ɗan bambanci na kunya ba. Samfurin haruffa ɗaya, mai kauri da marar kauri, ya wadatar.

Salon Art Deco, wanda ya samo suna daga bajekolin Paris na 1925, ba zan daɗe a kansa ba. Ka duba fastar Cassandre ta jirgin ruwan Normandie ta 1935, inda aka kalli jirgin daga ƙasa ya tsaya kamar ganuwa, ka koyi cewa inda ka ajiye kyamara yana iya ba kaya kwarjini fiye da duk wani ƙyalli.

Sai Suwizalan a shekarun 1950, inda Josef Müller-Brockmann a Zurich da takwarorinsa a Basel suka mayar da duk abin da ya gabata tsari mai koyuwa. Sirrinsu shi ne raba takarda gida-gida kamar gurabun dara kafin a ɗora komai, sannan kowane hoto da kowane layin rubutu ya fara daga bakin wani gida ya ƙare a bakin wani. Haruffan Helvetica, da aka fitar a 1957, daga wannan gida suka fito. A CorelDRAW ka ja layukan jagora ka raba shafin tsaye gida shida, kwance gida takwas, da 'yar rata daidai a tsakaninsu, ka jingina rubutu duka a hagu maimakon tsakaita kowane layi. Amfanin wannan ya fi bayyana a aikin da ke da bayani da yawa wanda ba za a iya askewa ba, kamar kalandar da ke haɗa watannin Musulunci da na boko, ko jadawalin tafsirin azumi, ko takardar shirin biki mai kamu da ɗaurin aure da yini da buɗar kai, kowanne da ranarsa da wurinsa.

Akwai wata matsala da babu Bature ko ɗan Japan da zai warware maka, ita ce ta baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Yawancin haruffan ado da ake saukowa da su kyauta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai mai zane ya sauke lanƙwasar ya wuce, shi ya sa ake ganin katin biki yana maraba da "manyan baki" alhali baƙi ake nufi. Kafin ka zaɓi kowane samfuri, ka buga "ɓaure, ɗaki, ƙasa" da manya da ƙananan baƙaƙe ka gani. Idan harafin ya koma akwati, ko ya fito da wata siffa da ba ta dace da 'yan'uwansa ba, ka bar samfurin komai kyansa. Noto na kamfanin Google da Charis da Andika duk suna ɗauke da su, kuma kyauta ne.

Wanda ya biyo wannan hanya zuwa nan, idan ya waiwaya gida, zai ga abin da da yake wucewa bai gani ba. Ka buɗe Alƙur'ani rubutun hannu irin na mahaddatanmu: baƙaƙe da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya. Kowane launi yana da aikin da yake yi, wanda shi ne ainihin abin da malaman Bauhaus suka yi ta wa'azi a kai. Ka duba allon zayyana yadda aka raba shi gida-gida kafin a cika, da dagin da ke jikin tsofaffin gidajen cikin birni da bangon Gidan Makama. Ka duba babbar riga mai aska takwas, yadda aikin ya taru a ɓangaren aljihu ya bar sauran ƙyallen ya huta, kamar yadda Hokusai ya tara ruwansa a gefe guda. A ganina kuskure ne a yanko dagi a manna a kusurwar kowace fasta don a ce an yi al'ada. Abin ɗauka shi ne ma'aunin da maɗinki da mai zayyana suka bi, da haƙurin da suka yi na barin fili.

Saura mai shagon, wanda shi ne zai biya. Kada ka yi masa lacca a kan Bernhard ko Rodchenko, domin ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Idan ya ce, "Malam, ai ka bar wuri, a ƙara hotona da na leshi da na takalma," sai ka ce, "Ranka ya daɗe, za a yi, amma bari mu gwada wani abu tukuna." Ka buga guda biyu a A3, nasa cikakke da naka askakke, ku fita waje ku manna su a bango ɗaya, ku tsallaka titi ku tsaya inda masu adaidaita sahu ke sauke fasinja. Ka roƙi wani mai wucewa ya kalli bangon na daƙiƙa uku ya juya baya, sannan ya faɗi sunan shagon da lambar layin da ya gani. Idan daga nasa aka karanto, ka karɓi gyara ka koma kan kwamfuta. Idan daga naka ne, to hoton Alhaji da jerin kayan sai su koma bayan katin kasuwanci ko shafin shagon na WhatsApp, inda mai dubawa yake zaune da waya a hannu kuma yana da lokacin karantawa.